Abin Da Iya Ta Gani A Majigi

A wannan mako na ajiye maganar girki da ta tsabtar gida tukuna. Labarin wani majigi zan ba ku, da yadda na sha kunya a gabansa, ni da takardar shaidata ta malanta, a hannun tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba.

Majigin nan sunansa Black Panther, watau Baƙar Damisa. Mutanen Amurka suka yi shi, ya fito cikin watan Fabrairu na 2018. Labarin wani sarki ne, T'Challa, na wata ƙasa a Afirka wadda suka laƙaba wa suna Wakanda. Kada wata 'yar makaranta ta wahalar da kanta neman ƙasar nan a taswira, don babu ita, ƙago ta aka yi. Wai mutanenta suna da wani irin ƙarfe wanda babu kamarsa a duniya, da shi suka ci gaba har suka wuce Turawa, amma suka ɓoye kansu, duniya tana yi musu kallon matalauta makiyaya. Akwai maganar wata gunkiyar damisa a ciki da ta ganawa da matattu. Wannan duk mu ɗauke shi kamar yadda muke ɗaukar Gizo da Ƙoƙi, tatsuniya ce.

Farkon ganina da shi ina Kwalejin Horon Malamai, mu wajen goma muka taru a kan kwamfutar wata ƙawarmu. Da aka gama aka tambaye ni abin da na gani, na ce faɗa ne da tsalle-tsalle da jiragen sama. Iyakar abin da na tsinta ke nan, na kuwa ɗauka na gama da shi.

To, a hutun da ya wuce na je gida, sai ƙanena ya kawo shi ya sa mana a talabijin bayan sallar lisha. Yaron nan ya haddace labarin mutanen cikin littattafan zane-zane fiye da yadda ya haddace jadawalin lissafi. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ta fito da carbinta ta ce ita shan iska ta zo yi, ba ruwanta da aikin banza. Maƙwabciyarmu ma ta shigo da 'yarta.

Ba a daɗe da farawa ba, jirgin sarki ya doshi Wakanda, aka saki wani kiɗa. Sai Iya ta ɗaga kai ta ce, “Kai, wa ya ba su kalangu?” Na ce, “Iya, kiɗan Turawa ne.” Ta ce, “Ke kishiya, rufe mini baki. Na yi shekara saba'in ina jin kalangu, ke ce za ki gaya mini? Wannan ganga magana take yi, kirari take yi wa wani. Mai waƙar kuwa Bafillace ne.”

Na yi dariya a raina. Washegari na bincika, sai ga shi Iya ce da gaskiya. Wanda ya tsara kiɗan, Ludwig Göransson, mutumin ƙasar Suwidin ne, amma sai da ya tafi Senegal ya bi wani shahararren mawaƙi, Baaba Maal, yana koyo. Baaba Maal shi ne mai waƙar nan, da Fillanci kuwa yake yin ta, yana makokin giwar da ta faɗi, watau tsohon sarkin da ya rasu. Kun ga mu ma giwa muke ce wa babban mutum. Gangar kuwa ita ce mutanen can suke kira tama, 'yar'uwar kalangunmu ce, a hammata ake matsa ta. An sa makaɗin ya riƙa faɗin sunan T'Challa da ita, saboda haka in sarki ya bayyana ganga takan kira sunansa. Magabcinsa kuma, Killmonger, an ba shi sarewar Fulani, da kun ji ta ku san yana kusa. Duk wannan ya shige ni a kallon farko kamar ruwa a bayan agwagwa.

Da aka zo wurin naɗin sarauta, inda kabilun ƙasar suka jeru a kan duwatsu, nan ne Iya ta manta da shan iska. Ta nuna wasu mutane masu rawani da amawali na shuɗi ta ce, “Ga Buzaye nan.” Ta nuna wata tsohuwa mai manyan 'yan kunne na zinariya ta ce irinsu ta gani a kunnen Fulanin Mali shekarar da ta je Makka. Nan ma ba ta yi kuskure ba. Matar da ta shirya tufafin majigin, Ruth Carter, baƙar fata ce ta Amurka, ta ba kowace kabila ta Wakanda suturar wata al'umma ta gaske. Kabilar fatake ta ba su ta Abzinawa. Masu tsaron iyaka ta yafa musu barguna irin na mutanen Lesoto, ƙasar duwatsu da sanyi. Uwar sarki ta sa mata faffaɗar hula irin wadda matan aure na Zulu suke sawa. Wata dattijuwa an shafe mata kitso da jar ƙasa kamar matan Himba na Namibiya, wani dattijo kuma da faifai a leɓe irin na Mursi na ƙasar Habasha. Mata masu gadin sarki jan kayansu daga Masai ne, zobban wuyansu daga Ndebele. Tsohuwar nan mai 'yan kunne, Dorothy Steel, sai da ta kai shekara 88 kana ta fara wasan kwaikwayo, lokacin da majigin ya fito ta haura 90. Da na gaya wa Iya haka sai ta ce ashe ita ma ba ta makara ba.

Har rubutun da ake gani a bangaye da kujerar sarki ba zanen banza ba ne. Hannah Beachler, wadda ta tsara gine-ginen, ta samo shi daga nsibidi, wani tsohon rubutu na alamomi na mutanen wajen Kuros Riba a ƙasarmu ta Nijeriya. Ni da na ci jarrabawar tarihi ban taɓa jin sunansa ba sai ta dalilin majigin Amurka. Matan nan biyu kowace ta sami lambar Oscar a 2019, babbar lambar yabo ta masu majigi, kuma kafin su babu baƙar fata da ta taɓa samun ta a waɗannan fannoni.

Sai ƙanena ya ga an bar shi a baya, ya fara zazzago nasa. A nan ne ya kamata in bayyana muku asalin abin, don wadda ba ta sani ba. A Amurka akwai wasu ƙananan littattafai da akan buga wata wata, labari ne cikin zane, maganar kowane mutum an rubuta ta kusa da bakinsa. Yaran can sukan tashi da su kamar yadda muka tashi da tatsuniya. In aka mai da labarin majigi, masu yinsa sukan ɓoye 'yan abubuwa daga littattafan nan a ciki, don wanda ya sani ya gane ya ji daɗi, wanda bai sani ba kuwa ya wuce bai yi hasarar labari ba. Kamar dai habaici a gidan biki, wadda aka yi dominta ita take ganewa.

Mutum biyu suka ƙago Baƙar Damisa, Stan Lee da Jack Kirby, dukansu fararen fata. Ya fara fitowa cikin watan Yuli na 1966, a littafi na 52 na jerin da ake kira Fantastic Four. Ku duba da kyau a wurin da aka shiga gidan caca a birnin Busan na Koriya ta Kudu, za ku ga wani tsoho mai furfura da tabarau ya kwashe abin da sarki ya ci ya ce zai ajiye masa. Stan Lee ne da kansa. Al'adarsa ce ya leƙo cikin majigin da aka yi da labarunsa. Ya rasu a ƙarshen shekarar nan ta 2018 yana da shekara 95. A wannan wuri kuma ku lura da kayan mutum ukun da suka shiga: sarki baƙi, Nakia kore, Okoye ja. Launukan tutar haɗin kan baƙar fata ke nan, wadda ƙungiyar Marcus Garvey ta tsayar a 1920.

Majigin ya buɗe da wata unguwa a birnin Oakland a shekarar 1992, a can kuma ya rufe. Dalili biyu ne. Na ɗaya, nan ne garin Ryan Coogler, saurayin da ya shugabanci aikin. Na biyu, a nan ne aka kafa wata jam'iyya ta baƙaƙen Amurka masu neman 'yanci, mai suna Black Panther ita ma, cikin watan Oktoba na 1966, wata uku bayan fitowar littafin. Sunan ya zo ɗaya har ya dami masu littafin, a 1972 suka gwada sake masa suna zuwa Black Leopard, ba a daɗe ba suka komo kan na da. Da Hausa suke rubutu da ba su sha wannan wahala ba, don mu duka damisa muke ce musu.

Jefa sarki da Killmonger ya yi daga kan dutse zuwa cikin ruwa, wannan daga wani littafi ne na 1973, wanda Don McGregor ya rubuta. Shugaban mutanen dutse, M'Baku, a littafi sunan goggon biri aka laƙaba masa, masu majigi suka ga cin mutunci ne a kira baƙin mutum haka, suka yar da sunan. Wanda kuma ya yi haƙuri har sunaye suka gama wucewa a ƙarshe, zai ga wani Bature mai hannu ɗaya ya fito daga bukka, yara suna kiransa Farin Kyarkeci. A littafi wannan laƙabin wani yaro Bature ne da tsohon sarki ya riƙa kamar ɗansa.

Amma ga wanda ya fi ba ni mamaki. Matan nan masu aske kai da māsu, waɗanda ake kira Dora Milaje, wani marubuci baƙar fata, Christopher Priest, shi ya shigo da su littafi a 1998. A rubutunsa ba sa magana da kowa sai sarki, da shi ɗin ma da Hausa suke yi. I, Hausar nan tamu. A majigi ne aka sake, aka ba Wakanda harshen Xhosa na Afirka ta Kudu, don John Kani, dattijon da ya fito a uban sarki, harshensa ke nan. Ɗansa na cikinsa, Atandwa Kani, shi ya fito a matsayinsa yana saurayi. Iya ta ce an cuce mu, da an bar su da Hausarsu da ta ji abin da suke cewa.

Akwai kuma wurin da Killmonger ya shiga gidan ajiye kayan tarihi a Landan, ya tsaya gaban kayan Afirka da aka jera cikin gilashi, ya tambayi Baturiyar da take lura da su ko kakanninta saye suka yi ko kwashewa. Sunan gidan ƙagagge ne, amma maganar ta gaske ce. A 1897 sojan Ingila suka ci birnin Bini suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa, aka watsa su gidajen kallo na Turai da Amurka. Sai a 2022 Jamus ta fara mayar wa Nijeriya da wasu daga cikin na hannunta.

Yanzu bari in komo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don na tsallake shi da gangan. Kusa da farkon majigin, kafin kalangun nan, rubutu ya fito a jikin allo: Dajin Sambisa, Nijeriya. Dare ne, ga motoci a jere, ga 'yan bindiga, ga mata da lulluɓi an cusa su a bayan babbar mota. Nakia ta ɓad da kama tana cikinsu. Sai sarki ya diro daga sama ya tarwatsa mutanen. Ɗaya daga cikinsu har ya ce wallahi, da harshen da muka sani. Sarki ya juya kan wani zai kashe shi, Nakia ta tare shi ta ce yaro ne, shi ma sato shi aka yi. Aka kwance matan aka ce su tafi gida. Dajin da suka nuna ya fi kama da kurmin kudu bisa ga dajin Barno mai ƙaya, don a Amurka suka shirya shi. Ba su ambaci sunan kowa ba. Amma a tsakar gidanmu babu wanda ya bukaci a yi masa fassara.

A kallon farko, tsakanin ƙawaye da surutu, wurin nan ya wuce ni. A wannan dare kuwa tsit muka yi. Maƙwabciyarmu ta jawo 'yarta ta rungume. Yarinyar ta ci jarrabawar shiga makarantar kwana, an yi mako uku ana ja-in-ja a gidansu ko za ta tafi.

Na tuna da kaina. Daren 14 ga Afrilu 2014, da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok, ni ma ina makarantar kwana, tsararrakina ne. Wasu 57 suka kuɓuta tun da wuri, aka sako 21 a 2016, aka sako 82 a 2017, amma har aka cika shekara goma a 2024 da dama ba su komo ba. Da muka zo hutu a shekarar nan, mahaifina ya ce na gama boko ke nan, ba zai kai 'yarsa inda za a ɗauke ta ba. Ban ga laifinsa ba, har yau ma ban gani ba. Na yi kwana biyu ina kuka a ɗaki. Iya ce ta kira shi ta ce, “Abin da ɓarayin nan suke so ke nan, kai kuma za ka yi musu kyauta ba su ko tako ƙofar gidanka ba? Mai da ita. In tsoro kake ji, nemi makarantar da take cikin gari.” Haka aka yi, ya sake mini makaranta. Ba don ita ba, da wata ce take rubuta muku wannan fili.

Da wurin ya wuce Iya ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Allah sarki. Su namu babu damisar da ta faɗo musu daga sama.” Gaskiya ta faɗa, kuma ina so 'yan makaranta su riƙe wannan. Abin da majigi ya gama cikin minti biyar, iyaye sun yi shekaru suna jiransa. Duk da haka ban raina abin da masu majigin suka yi ba. Sun sa 'ya'yanmu a farkon labarin da duniya ta kalla, har kuɗin shiga ya haura dala miliyan 1,300.

Can gaba aka nuno Shuri, ƙanwar sarki, budurwa mai tsiwa, wadda ita ce shugabar masu ƙere-ƙere na ƙasar duka. Ita ta ƙera rigar yaƙin wanta, ita ta warkar da Baturen da aka harba a baya. Iya ta taɓa maƙwabciyarmu ta ce, “Kin ga waccan? Ba a ɗaka ta koyo ba.” Matar ba ta ce kome ba. Ba zan ce muku majigi ne ya sauya mata ra'ayi ba, don shawara ta mijinta ce da ita, sun kuma je sun duba makarantar da idonsu, sun ga katanga da masu gadi. Amma ranar da zan koma bakin aiki na ga akwatin yarinyar a zaure an ɗaure shi da igiya.

Wani abu kuma yana ɓoye cikin majigin wanda ko Iya ba ta gani ba. Chadwick Boseman, wanda ya fito a sarki, tun 2016 likita ya gaya masa yana da ciwon daji a hanji. Da ciwon ya yi duk tsalle-tsallen nan, bai bari duniya ta sani ba, har ya rasu ran 28 ga Agusta 2020 yana da shekara 43. Da aka yi majigi na biyu a 2022 ba a sa wani a gurbinsa ba, sai aka ba Shuri rigar damisa. Wannan ma ba sabon abu ba ne ga masu karatun littafin, don ta riga ta sa ta a can tun 2009.

To 'yan'uwa, ga abin da na koya. Mu uku muka kalli abu ɗaya. Ƙanena ya ga abin da ya karanta a littafi, Iya ta ga abin da ta rayu da shi, ni kuwa mai takardar shaida na tashi a tutar babu sai da na koma na yi tambaya. Mutanen wata ƙasa sun kashe kuɗi sun ƙetare teku don su koyi kalangu da rawanin Buzaye, ni ga su a ƙofar gidanmu na ce kiɗan Turawa ne. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na yarda, amma na ƙara da cewa ba Iya ce za ta karanta mana Sambisa a jikin allo ba, sai da 'yar boko. Kowanne yana bukatar ɗan'uwansa.

Saboda haka ga roƙona. Ku uwayen gida, in yara za su kalli majigi kada ku bar su su kaɗai. Ku zauna tare, bayan an gama aikin gida da karatu, ku tambaye su abin da suka gani, ku gaya musu abin da kuka gane. Wannan ɗin akwai faɗa da zub da jini a ciki, bai dace da ƙananan yara ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin gida irin wanda na ba 'yan ajina. Kowace ta sami ɗan littafi ta je wurin kakarta ko wata tsohuwa a unguwa, ta tambaye ta sunayen abubuwa goma na da: irin kitso, irin zane, irin kiɗa, kayan ɗaki, kayan ado. Ta rubuta sunan, da yadda ake yi, da wanda yake yi. 'Yan ajina sun kawo mini saƙi da tsamiya da barage da shantu da taskira, wata ma ta kawo sunayen kitso bakwai waɗanda ban taɓa ji ba. Wadda ta yi nata tana iya aiko mana ta hannun Edita, mu buga a wannan fili kowa ya ƙaru. Ku hanzarta, don tsofaffin nan ba su da yawa, kullum kuma raguwa suke yi.

Ni ma na buɗe nawa littafin, Iya ta riga ta cika mini shafi goma sha ɗaya, ta ce in na koma hutu in zo mata da goro in ina son saura.

Allah ya komo da waɗanda suke hannun miyagu gida lafiya, ya tsare mana 'ya'yanmu a makarantunsu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.